Shekarar Ganye

Kaka ta yi, tsakar gidana babu inda mutum zai ajiye ƙafa. Tabarma nan, tsohon buhu can, faifai a kan katanga. Kuɓewa yankakkiya tana rana, yakuwa tana gefenta, ganyen kuka kuwa yana ƙarƙashin rumfa, don kuka ba ta son rana. Idan ta sha ta sai ta koɗe, miyarta ta fito ja ba yauƙi. Kaji sun zama abokan gabata, awaki kuma tun safe nake yi musu magana kamar masu jin Hausa. Haka nake kowace shekara, kuma kowace shekara sai Malam, maigidana, ya shimfiɗa buzunsa a bakin ƙofa yana kallona, can ya ce, "'Yar Balan, yunwa aka ce miki za a yi ne?" Ya san dalilin shanyar nan sarai, neman magana ne kawai irin nasa.

Bana dai akwai wata magana a gidan. 'Yarmu ta fari, wadda take aure a Kano, ta matsa lallai sai Malam ya je ya yi watannin sanyi a wurinta. Ba zan faɗi sunanta ba. Ita ma ta kusa ɗaukar jika, amma bakina bai taɓa koyon sunan ba, "ta Kano" nake ce mata. Ba wani ciwo ne da Malam ba, tsufa ne: idan ɗari ya sauko gwiwoyinsa su ƙi, tari ya riƙa tashinsa da asuba. Ta ce ta gyara masa ɗaki mai silin da tagar gilashi, iska ba ta shiga. Ni ma ta gayyace ni, amma ta san ba mai raba ni da awakina da lambu. Har jaka ta aiko, ta ce ranar kasuwar Ajingi za a zo da mota a ɗauke shi. Tun da aka fara zancen, kullum sai Malam ya ɗan karkato ya tambaye ni ko me na gani. Ni kuma in ce, "Yadda ka gani, Malam." Ranar da na fara faɗa sai na tuna na taɓa faɗa masa ita, ita ɗin dai, a irin wannan lokaci, ganye shanye a tsakar gida kamar yau.

A wancan lokacin daminata ta biyu ke nan a Toranke, garinsu Malam, har lokacin amarya ake kirana. Damina ta faro lafiya, an yi shuka, an yi noma, an yi maimai, gero ya tashi ya yi ciki ya fitar da kai. Yana cikin bununi ruwa ya ɗauke. Ba wai hadari ya daina haɗuwa ba ne, da haka ne ma da mun fi samun sauƙi. Kullum da la'asar sai gabas ta yi baƙi ƙirin, iska mai sanyi ta taso da ƙamshin ƙasa, mu ruga mu kwashe shanya, mu jera tukwane a bakin indararo. Sai a yi ɗis-ɗis, wanda ko bayan akuya ba zai jiƙa ba, hadarin ya wuce. Mu mayar da tukwanen ba mai kallon wani. An fita roƙon ruwa, an yi sadakar gumba, Allah bai nufa ba. Ganyen dawa ya nannaɗe, ƙasa ta ɗauki zafin da ba a taka ta ba takalmi. Gyaɗa kuwa da aka cire, ka matsa ɓawon ka ji iska.

An yi girbi shiru, ba gayya ba kiɗa. Da aka gama ɗaurin dami aka kai rumbu, Malam ya hau ya leƙa, ya daɗe bai sauko ba. Mu uku ne a gidan: shi, da ni, da mahaifiyarsa, Iya. Iya 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai kaifin ido da kaifin baki, kuma duk unguwa an san ta da abu ɗaya: ba ta ɗaukar kaya. Ta ce bayanta ya gama aikinsa tun da ta goye 'ya'ya ta sauke, ko ƙwaryar furarta sai an miƙo mata. Malam shi ne ɗanta na ƙarshe, Auta take kiransa, har ta rasu yana da furfura bai tashi daga Auta ba. Da ya sauko daga rumbun ta tambaye shi yaya, ya ce mata idan baki biyu ne hatsin zai kai faɗuwar ruwa da lallaɓawa, idan uku ne ba zai kai ba.

Kowa ya san abin da ake yi a irin wannan shekara. Namiji ya cire bakinsa daga tukunya, ya naɗe tabarma ya tafi ci-rani, ya bar wa mata hatsin, sai an ji ƙamshin damina ya dawo da abin da Allah ya hore. Mazan unguwarmu sun riga sun sa rana: da zarar an gama shigar da kara da harawa, ranar kasuwar Ajingi za su shiga mota su yi kudu. Malam ya same ni ina tankaɗe ya gaya mini, sannan ya tsaya yana wasa da bakin rigarsa, ya ce ko me na gani. Na ce, "Yadda ka gani, Malam."

Abin da na gani kuwa yana da yawa. Ina da ciki, ɗan ƙarami, bai fito ba, ban gaya wa kowa ba. A zamaninmu mace ba ta buɗe baki ta ce wa miji tana da ciki, balle na fari. Ana barin ciki ne ya faɗi kansa, kowa ya yi kamar bai gani ba har ranar haihuwa. Kuma ni ban san ubana ba. Ci-rani ya tafi innata tana ɗauke da cikina, a wata shekara irin wannan, ya ce sai damina. Damina ta zo, abokan tafiyarsa suka dawo da tabarmarsa da labarin zazzaɓi. Innata ta raine ni a Balan har na yi wayo, ita ma ta bi shi, Gwaggo ƙanwar ubana ta ƙarasa riƙona. Don haka duk lokacin da na ji an ce kudu sai gabana ya faɗi. Ba na son ya tafi, ko kusa ba na so. Amma ta yaya amarya za ta ce wa miji ya zauna ya ci rabon uwarsa? Ko da kunya ta bar ni, wannan ba zai bar ni ba.

Da baki ya gagara sai na koma wa ganye. Tunanina na yarinta shi ne, idan na cika gidan da abin miya da abin kwaɗo har ya rasa inda zai taka, wataƙila ya sake duba rumbun ya ga baki uku za su iya. Shekarar nan ba wanda ya yi zancen kulle. Da na idar da sallar asuba na share gida na dama wa Iya ɗan kunu, sai in ɗauki ƙwarya in bi matan unguwa mu shiga gonaki, 'yar raɓa tana jiƙa mana bakin zane. Mu tsinki tafasa, mu tsinki rama da lalo, mu bi ganyen wake kafin a naɗe harawa, zogalen shinge kuwa har sai mai shi ya yi gyaran murya. Kafin rana ta take mun dawo. Iya tana zaune tana ba da umarni: wannan a tafasa shi tukuna a matse, wannan a shanya shi ɗanye, wancan a inuwa, kada a bar komai ya kwana a waje. Da la'asar a juya, a kwashe, a ɗura a tulu a toshe da tsumma. Ba tulun da ban cika ba, har tukunyar jerena sai da na sauke na danna mata rama. Malam sai dai ya wuce yana tsallake shanya.

Saura kuka, ita ce uwar miya. Kukokin Toranke kuwa an riga an aske su, mutane sun ɗiba, makiyaya sun sassare wa shanu abin da ya rage. Amma ni ina da kuka tawa ta kaina a Balan. Gadon innata ce: gonar da take ciki ta tafi hannun wasu, bishiyar aka ce tawa ce, kuma Gwaggo ta sa mata ido, ba mai kai mata hannu. Lokaci yana ƙurewa, don ganyen kuka da ya fara rawaya ya gama amfani, iska ce za ta kwashe shi. Na yi wa Iya zancen, ta yi wa Auta, aka sa rana. Abin da ba mu zata ba, Iya ta ce ƙafarta ƙafarmu. Wai ba ta yarda da mu ba, tsohon ganye za mu tsinko mata.

Muka fita da sanyin safiya, Iya a kan jaki, Malam yana gaba da lauje a kafaɗa, ni a baya da buhunan wofi. Har yau idan na rufe ido ina ganin hanyar nan. Gonaki sun yi fayau, kara a jingine, sararin sama wankakke kamar bai taɓa yi mana laifi ba. Ganyen marke ya fara ja-ja, na ƙololuwar kukokin hanya ya yi ruwan ɗorawa yana zubowa ɗaya-ɗaya a kan turba, gawo kuma, da yake shi kullum nasa daban ne, a lokacin yake fitar da sabon ganye. Muna tafe muna haɗuwa da mata kowace da ƙwaryarta, a gaisa, a tambayi inda aka samu da inda ya ƙare. Mun san yunwa tana gaba tana jiranmu, amma ranar sai da muka yi dariya. Iya ta kama faɗa da jakin tun daga bakin gari, ta zage shi ta zagi wanda ya sayar da shi, har Malam ya tsaya ya dafa bishiya yana share ido.

Kukata tana nan kore shar, sai 'yan rassan gabas da suka soma juyawa. Gwaggo ta tarye mu da ruwa da kwaɗon zogale, ta yi mini kallo ɗaya daga sama har ƙasa ta kau da kai. Malam ya tuɓe riga, ya bi turakun da aka kafa a jikin bishiyar tun zamanin kakana, yana gwada kowane da ƙafa kafin ya ɗora nauyi. Ya shige cikin ganye, sai ƙarar lauje muke ji, ƙananan rassa suna faɗowa. Mu kuma a ƙasa muna tsigewa, hannu ya yi kore ya yi danƙo. Iya tana zaune a kan saiwa tana ɗaga masa murya, kada ya taɓa na ƙololuwa, a bar wa bishiya hularta, ita ma tana da baɗi.

Da rana ta karkata buhuna sun cika, aka ƙulle ragowar a babban zane, ƙunshi guda mai nauyi, don ɗanyen ganye ba wasa ba ne. Jakin yana can ɗaure a gindin wata tsamiya, da ɗan nisa. Na naɗa gammo na sunkuya zan ɗauka, sai na ga ƙasa tana juyawa. Kafin in miƙe na ji an zare gammon daga hannuna. Iya ce. Ta ce da ni ƙasa-ƙasa, ba ta ko dube ni ba:

"Ajiye, 'yar nan. Wanda kike ɗauke da shi ya ishe ki."

Gwaggo ta taya ta, Iya ta ɗora ƙunshin nan a ka, ta tafi da shi tiƙis-tiƙis har gindin tsamiya, tsohuwar da ba ta ɗaukar ƙwaryar fura. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Na saci kallon sama, ban ga komai ba sai ganye yana motsi, na gode wa Allah da Malam yana can yana fama da reshensa. A hanyar dawowa ba wanda ya tayar da zancen. Iya dai ta yi ta mitar bayanta har muka shiga gida.

Na sa rai Iya za ta gaya masa. Amma tarbiyyarmu ɗaya da ita, uwa ba ta yi wa ɗa irin wannan magana. Iyakarta ta tambaye shi ko tafiyar tana nan, ya ce tana nan, ta ja tsaki ta ce wa kaji su tashi mata daga kan kuka. Ganyen ya bushe a inuwa da korensa, na daka na tankaɗe, gidan duk ya ɗauki ƙamshinsa, muna ta atishawa. Daga garin farko na ɗiba na ƙulla masa guzuri, da daddawa da ɗan barkono da kanwa, don an ce a can miyarsu ba irin tamu ba ce. Na ɗinke masa bakin tabarma. Duk sukar allura ina cewa a raina yanzu zan yi magana, har zaren ya ƙare.

Ranar kasuwa ya dawo daga masallaci ya ɗauki sanda da gora da tabarma. Ya durƙusa ya yi wa Iya sallama, ta sa masa albarka. Ya zo ƙofar ɗakina ya tsaya, ya ɗan jima, ya ce to shi zai wuce. Na ce Allah ya tsare hanya. Ya ƙara tsayawa kaɗan, sannan na ji takunsa ya fita zaure. Na jawo turmi na zuba kukar da ta riga ta daku na hau dakanta, ina daka hawaye yana zuba. Iya ta leƙo ta ce garin kuka akwai shiga ido, in juya wa iska baya. Ita ma nata idon ja ne, alhali ba ta zo kusa da turmin ba.

Bayan la'asar ina kwashe shanya sai na ji ana jan wani abu a ƙofar gida, a ja a tsaya, a ja a tsaya. Sai ga Malam ya shigo da baya-baya, gumi ya jiƙa shi sharkaf, tabarma a rataye, igiyar da na ɗaure ta da ita kuma tana ɗaure da wani gungumen icce. Gatari ne a kafaɗarsa, daga baya na ji a wata ruga ta hanya ya aro shi. Bai dube ni ba. Ya ja gungumen ya wuce madafa, inda ake ajiye itacen girki, ya zagaya da shi bayan ɗakina ya jingine. A garinmu kowa ya san ma'anar namiji ya fara tara manyan itace a bayan ɗakin matarsa: itacen wankan jego ne, wanda za a riƙa dafa mata ruwa da shi idan ta haihu.

Iya ta bi gungumen da kallo, ta bi ɗanta da kallo.

"Auta, motar ce ta bar ka?"

"Ta bar ni, Iya."

"To Allah ya sa haka ya fi alheri. 'Yar nan, ba shi ruwa mana."

Ina, ni da na riga na faɗa ɗaki na saki asabari. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, daɗi kuma ban taɓa jin irinsa ba, kafin ranar ko bayanta. Iya ce ta tashi ta ɗebo masa ruwan da kanta, tana cewa yau ta ga zamani.

Zaman nasa bai zo da sauƙi ba, don abin da ya gani a rumbu gaskiya ne. Washegari ya sauka fadama, inda mahaifinsa ya bar wani tsohon lambu da ciyawa ta cinye. Ya yashe rijiyar, ya ƙara mata zurfi don ruwa ya gudu ƙasa, ya kafa jigon ɗiban ruwa. Karan gonarmu ya bai wa Fulanin da suka ara masa gatari, su kuma suka kwana da shanunsu a filin har ya sha taki. Da suka tashi ya saro ƙayar magarya da bagaruwa ya yi shinge. Ya ja fangali, ya yafa alayyafo da salak, ya dasa albasa da tumatir. Sanyi ya sauko ya same shi a ciki. Kullum da sassafe yana bakin jigo, ruwa yana zubo masa a ƙafa, har faso ya tsattsaga masa dugadugai, in narka man kaɗanya in ajiye masa a bakin ƙofa ba tare da na ce ga shi ba. Kuma duk yammar duniya ba ya shigowa hannu wofi, ko reshe ne sai ya ƙara a bayan ɗakina.

Mun ji yunwa, ba zan ɓoye ba. Tuwo ya koma sau ɗaya a rana, daga baya ya koma fate, gari kaɗan ganye da yawa. Kwaɗon rama ba ƙuliƙuli, sai gishiri da barkono. Tafasa tana da wani ɗaci-ɗaci da yake kwana a harshe. Ciki ya cika amma ƙafa ba ƙarfi, ka miƙe tsaye ka ga taurari da rana. Malam ya koyi cewa ya ci wani abu a lambu, alhali ba abin da ya nuna a lambun. Zariyar wandonsa ce take ba da labari. Iya kuma sai haƙoranta suka riƙa ciwo duk ranar da aka yi tuwo, ta turo mini nata. Na gane su duka biyun, su ma sun san na gane, muka yi ta zamanmu a haka. Guzurin da na ƙulla masa ma sai da muka kwance shi muka kaɗa. Ranar da ya shigo da alayyafon farko, ɗanye shar, Iya ta karɓa ta shinshina ta ce ita duk ganye ya fita ranta, da aka dafa kuma ta cinye kusan rabi.

Albasa ta yi, ya kai Ajingi ya dawo da dawa a mangala, muka ɗan miƙe. Rumbu yana raguwa, tarin icce yana hawa, har ya zarce katanga, maƙwabta suna leƙowa suna yi mini tsiya. Cikin zafin bazara, kafin ruwan farko, na sauka. Iya ta yi mini wanka da ganyen runhu safe da yamma har na yi arba'in, ruwa yana tafarfasa, icce bai yanke ba. Gungumen farko ne kaɗai ya rage, kirya ce, ta ƙi gatari ta ƙi wuta, Malam ya kai wa masassaƙi aka fafe mini turmi. 'Yan ci-rani sun dawo da atamfa da rediyo, suna tsokanarsa wai ganye ya riƙe shi a gida. Ya yi dariya kawai. A gidanmu shekarar ganye ake kiran wannan shekara, amma daga shi har ni ba wanda ya sake tayar da zancen ranar kasuwar nan.

Yanzu injin ban-ruwa ne yake ƙara a lambun, ɗanmu na tsakiya yake kula da shi, jigon ya zama labari. Garin kuka ana sayar da shi a leda a kowane shago, ko da yake ni ban yarda da korensa ba. Makon jiya jikokina suka zo daga Kano, suka ce a kai su Balan su ga kukata. Na zaci tsinka za su taya ni, ashe hoto za su ɗauka. Suka tsaya a cikin ganyen da ya zubo suna watsa shi sama, wai kalar ta yi kyau. Ta yi kyau ɗin kuwa, ni ce ban taɓa samun sukunin kallonta haka ba. Babbarsu, wadda aka yi wa aure bara, a gabana ta kira mijinta a waya tana ba shi labarin abin da likita ya ce a kan cikinta, har da dariya. Na rufe fuska da mayafi, amma a raina na ce yarinyar nan ta huta.

Yau da hantsi ina dakan kukar bana a turmin nan na kirya, Malam yana kan buzunsa, jakar ta Kano tana jingine a bakin ƙofa. Gobe ne kasuwar Ajingi. Ban san abin da ya taɓa ni ba, na tsayar da taɓarya na tambaye shi abin da ban taɓa tambaya ba: shekarar ganye, wa ya gaya masa?

"Wa zai gaya mini?" ya ce. "Ina saman kuka, komai a idona. Na ga Iya da kaya a ka. Tun da aka haife ni ban taɓa gani ba, saura kaɗan in faɗo."

"Ka sani, kuma ka ɗauki tabarma ka fita?"

"Jira nake ki ce in zauna. Na tsaya a ƙofarki ina jira. Na tafi ina waiwaye har Ajingi, ko za a biyo ni da saƙo. Har na sa ƙafa a mota." Ya gyara zama yana murza gwiwa. "Sai na ga idan bakinki zan jira, abin da ke cikin zai yi aure ban dawo ba."

Na yi dariya, shi ma ya yi, sai tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya dubi jakar, ya dube ni, da irin karkatowar nan tasa.

"Har yau dai ban ji ba, 'Yar Balan."

Na dubi furfurarsa, na dubi dugadugan nan da har yanzu tabon fason yana nan. Tsohuwa da ni, da jikoki, sai ga kunya ta taso mini sabuwa ful. Na riƙe taɓarya da hannu biyu na zuba wa turmi ido, don ban iya kallonsa ba.

"Malam, kada ka tafi. Zan riƙa hura maka gawayi a kasko. Kada ka tafi."

Na zaci bai ji ba, don kunnen ya fara nauyi. Can ya ce, "Ashe kin iya." Ya sa sandarsa ya ture jakar ta faɗa cikin ɗaki. Ya ce in an jima in kira ta Kano in gaya mata, shi tsoron faɗanta yake ji. Sannan ya miƙa hannu ya jawo faifan kuka gabansa, ya sunkuyar da kai, ya fara tsince mini ƙirare.